Kurakuran da aka fi yi game da juriyar bugu a kayan haɗin ƙarfe da roba

Masu ƙera motoci suna haɗa fallen ƙarfe da roba mai narkewa da zafi, kamar folifirofilin ko nailan, saboda haɗin ba shi da nauyi kuma yana shanye ƙarfin bugu. Sai dai rauninsa yana daidai inda ƙarfen ya sadu da robar.

Kuskuren da a ganina ya fi tsada shi ne manna su ba tare da an gyara fuskar ƙarfen ba. Folifirofilin ba ya kama alminiyam da kansa, don haka idan an bar maiko ko fuskar ta yi santsi, ɗan bugu ya isa ya raba su. Gyaran shi ne a wanke maikon, a karce fuskar da feshin yashi ko hasken leza domin narkakkiyar robar ta sami ramukan da za ta riƙe, sannan a shimfiɗa siririn fallen mannewa a tsakani. A kuma kula da sanyaya bayan an matse su da zafi wajen haɗawa, domin roba ta fi ƙarfe tsukewa nesa ba kusa ba, kuma wannan bambanci yana barin ja a cikin haɗin tun kafin wani abu ya buge shi.

Sai dogaro da ido. Fallen waje yana iya nuna ɗan lotsewa kawai alhali a ciki ya rabu da robar, shi ya sa ake duba wurin da na'urar sauti mai ratsa jiki, sannan a matse samfurin a ga ƙarfin da ya rage masa.

Wasu kuma suna gwaji a zafin ɗaki kaɗai, a hankali, su ɗauka sun gama. Folifirofilin tsantsa yana yin gautsi idan sanyi ya kai wajen digiri 0 a ma'aunin Celsius, shi kuwa nailan 6, wani nau'in nailan, yana shan danshi, busasshensa ya fi saurin tsagewa. Dole ne gwajin sakin nauyi daga sama, irin na ƙa'idar gwajin bugu mai suna ASTM D7136, ya haɗa da sanyi da danshin da kayan za su yi aiki a ciki.

Idan robar tana ɗauke da zaren kabon, wanda ake sakawa don ƙara mata ƙarfi, kada a bar shi ya taɓa alminiyam, domin da ruwa ya shiga, alminiyam ɗin ne zai ciyu. Shimfiɗar zaren gilashi a tsakani tana hana haka.