Darasi: Kunna Wuta a Daji da Sandar Ƙyastun Zamani

Duk wanda ke kwana a gona ko yake bin shanu ko fita farauta ya san abin da damina ke yi wa ashana. Kwali ya jiƙe, ka karta ka karta kan ya murmushe, laita kuma gas ya ƙare ko yashi ya shige ta ta ƙi kamawa. Wannan darasin akan wata 'yar sandar ƙarfe ce baƙa, tsawonta bai wuce yatsa ko ya ɗan fi ba, wadda ake kankara tartsatsi ya fito, kuma ko ruwa ta faɗa goge ta kawai za ka yi ka ci gaba da aiki.

Kakanninmu da ƙyastu suke kunna wuta, ƙarfe da dutsen ƙanƙara da ɗan tsumma ko auduga a cikin 'yar jakar fata. To wannan sandar aikinsu ɗaya amma tartsatsinta ya fi zafi nesa ba kusa ba, yana kaiwa wajen digiri 3,000 a ma'aunin salshiyos. Ana kiran ƙarfen ferosiriyam, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya haɗa shi a 1903, ya gauraya baƙin ƙarfe da wasu ma'adanai masu saurin kamawa da wuta, babbansu shi ne siriyam. Kuma kun daɗe kuna amfani da shi ba ku sani ba, ɗan dutsen nan na cikin laita da ke ba da tartsatsi in an murza, ai shi ne, sai dai wannan babba ce. Idan ka kankare ta, ƙananan ɓurɓushi ne ke fita daga jikinta suna kamawa da wuta a iska, shi ya sa a hankali sandar take siracewa, amma kafin ta ƙare an yi dubban kartawa.

Yawanci ana sayar da ita tare da ɗan ƙarfen kankara a ɗaure da igiya. In ya ɓace ba matsala, bayan wuƙa ma yana yi matuƙar gefensa na da kaifin kusurwa bai mulmule ba, guntun zarton yanka ƙarfe shi ma yana yi sosai. Don Allah kar a sa bakin wuƙa, dakushe ta kawai za ka yi. Sabuwar sanda kuma tana zuwa da baƙin fenti a jiki, sai an kankare shi ƙarfen ya fito fari yana ƙyalli sannan za ta ba da wuta, da yawa a nan suke cewa an sayar musu da jabu alhali fentin ne ba su cire ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan nake so mu fi daɗewa: abin da zai karɓi tartsatsin. Tartsatsi ba harshen wuta bane, ba ya daɗewa, in ya faɗa kan kara ko icce mutuwa yake nan take komai zafinsa. Sai abu busasshe ƙarau, mai laushi, mai zare-zare. Auduga ita ce gaba, a yage ta a buɗe ta ta yi sako-sako. Audugar rimi ma haka, da farin gashin nan na cikin 'ya'yan tumfafiya, sai dai su biyun fuu suke ci su mutu, dole ka riga ka kewaye su da busasshiyar ciyawa da za ta karɓa. Ciyawar kanta ka murje ta tsakanin tafukanka har ta yi laushi, ka naɗa ta kamar sheƙar tsuntsu ka sa audugar a tsakiya. Dabarar da na fi so a riƙe ita ce a shafa wa auduga ɗan man basilin a ajiye cikin leda ko ƙaramin gwangwani, dunƙule ɗaya yana ci na 'yan mintuna, ya ishe ka ka ɗora ƙirare ko da suna da ɗan sanyi. Da damina wannan ƙunshin shi ne rabin aikin, kar ka dogara da abin da za ka tsinta a ƙasa.

Kafin ka karta, tara komai a kusa, tsinkaye sirara, sai ƙirare masu kaurin yatsa, sai manyan itace. Wuta ta kama kana neman ƙirare ai an yi asara.

Sai ka durƙusa ka ba iska baya. Dasa kan sandar a ƙasa daf da audugar, har ta taɓa ta ma, ba daga sama can ba don kafin tartsatsin ya iso ya huce. Ɗora ƙarfen kankara a jikin sandar a ɗan karkace, ka danna da ƙarfi. Mafi yawan masu koyo tura ƙarfen suke yi ƙasa da sauri sai hannu ya doki ciyawar ta watse, to ka riƙe ƙarfen cak wuri ɗaya, sandar za ka ja baya zuwa wajenka, tartsatsin zai zuba daidai inda kake so kuma komai na nan a wurinsa. Dannawa ta fi sauri amfani. In ya ƙi kamawa, kankari sandar a hankali yadda ba za ta yi tartsatsi ba, ɓurɓushin ya taru kaɗan a kan audugar, sannan ka karta da ƙarfi a kai. Da ta kama ka ɗora tsinkaye kaɗan kaɗan, kar ka danne ta, wuta na son iska, in hayaƙi kawai take yi ka hura a hankali daga ƙasa.

Maganar gobara kuma ba wasa a ciki, musamman da hunturu da bazara lokacin da daji ya bushe iska na kaɗawa. Share wurin har ƙasa ta fito, taku biyu ko uku ta kowane gefe, nesa da rumbu da tarin harawa da duk inda aka ajiye fetur. In za ka tashi zuba ruwa ko ƙasa, ka motsa tokar ka tabbatar ba sauran garwashi. Yara kuma a ɓoye musu ita, don suna ganin tartsatsin nan abin wasa za su maida ta.

Ajiyarta ba wuya, danshi da gumi suna cin jikinta ta fara yin fari-fari tana murmushewa in an bar ta a jiƙe, saboda haka a goge ta a shafa ɗan mai a sa cikin leda.

Aikin wannan mako: kowa ya zo aji da abin kama wuta iri uku daga unguwarsu ko gonarsa, za mu fita fili mu gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta sunan wanda ya fi saurin kamawa a littafinsa.