Darasi: Me ke kashe mana ƴan tsaki?

Kaza takan kwanta kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da ƴaƴa goma ko fiye. Kafin wata ya zagayo, sai a ga uku kawai ke bin ta. A gidaje da yawa na Damagaram an saba da haka, har ana cewa ai haka kiwon kaji yake. Ƴan'uwa, ba haka yake ba. Ɗan tsako ba ya mutuwa sai da dalili, kuma yawanci yakan nuna dalilin tun yana raye. Aikinmu shi ne mu tsaya mu duba kafin mu ruga neman magani. Abu uku za mu duba: kwanansa nawa, yaya kashinsa yake, yaya yake tsayuwa.

Makon farko

A wannan mako, sanyi da ƙishirwa sun fi cuta kisa. Ɗan tsako bai da gashin da zai riƙe masa ɗumi. Yana bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Wanda bai da ma'aunin zafi, idonsa ya ishe shi. In sun dunƙule wuri ɗaya, suna hawa kan juna, suna tsuwwa ba tsayawa, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za a taushe su su mutu kafin asuba. In sun gudu gefen bango, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina suna tsince-tsince, to lafiya lau.

Dare na hunturu, a Disamba da Janairu, shi ne mafi hatsari. Mutane kan sa kaskon gawayi a akurki, su toshe kowace kafa don kada iska ta shiga. Da safe a tarar da ƴan tsakin kwance birjik, ba zawo ba rauni. Iskar gawayi ce ta kashe su. A bari gawayin ya kama sosai a waje kafin a shigar da shi, kuma a bar kafa ta sama a buɗe. A bazara kuwa, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, sai a nema masu inuwa da ruwa mai sanyi.

Ƴan tsakin gidan gona da ake kawowa a kwali daga nesa sukan iso a galabaice. A fara ba su ruwa da ɗan sukari, su huta, sannan a ba su abinci. Mazubin ruwan kada ya yi zurfi. A zuba ƴan duwatsu ciki don kada su faɗa su jiƙe. Mun san wahalar ruwa a garin nan, amma ruwan wanke-wanke ko na sabulu ba na ɗan tsako ba ne.

Ku ɗauki wanda ya yi sukuku, ku juya cikinsa. In cibiya ta kumbura, ta jiƙe, tana wari, ƙwayar cuta ta shiga ta nan tun wurin ƙyanƙyasa. In farin kashi ya manne ya toshe duburarsa, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a goge a hankali, kada a fizge. In da yawa ne ke farin zawo suna mutuwa, a kira likitan dabbobi, domin akwai irin wannan cuta da uwa ke ba ƴaƴanta ta cikin ƙwai. Wanda ke miƙa wuya yana haki alhali ba zafi, a duba shimfiɗarsu da dusarsu, wataƙila sun yi funfuna. Dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna zubarwa ake yi.

Daga mako 3 zuwa 6

Jini a kashi, gashi a hargitse, fukafukai na jan ƙasa: wannan ciwon hanji ne da ake kira kwaksidiyozis. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haifar da shi, musamman da damina da kuma gefen mazubin ruwa. Yana da magani da ake sawa a ruwan sha, amma in ba a kwashe jiƙaƙƙen wurin ba zai dawo. Wani ciwon da ake kira Gumboro ma a wannan lokaci yake zuwa, da farin zawo mai ruwa-ruwa da rawar jiki, tsakon yana tsattsagar duburarsa. Shi rigakafi ake yi masa.

Annobar kaji

Likitoci na kiranta Niyukasil. Ba ta zaɓen babba ko ƙarami, kuma ta fi tashi da hunturu. Alamunta koren zawo, haki, gyangyaɗi, sai wuya ya murɗe kaza ta riƙa juyi wuri ɗaya. Cikin ƴan kwanaki tana iya share gida duka.

A nan ne nake roƙonku ku saurara da kyau. Wannan cuta ba ta da magani. Kafson da ake saye wurin masu tallar magani a fasa cikin ruwa, da barkono, da toka, babu wanda ke kashe ta. Kuɗin nan gara a kai su ga rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido, akwai na allura. Ma'aikatan kiwo za su faɗa maku ranar farawa da ranar maimaitawa, domin sau ɗaya ba ya isa. Maganin rigakafi yana lalacewa in ya sha zafi, saboda haka kada ku karɓi wanda aka shanya a rana kan tebur. Kuma masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kamu ba.

Sau da yawa mu ne ke kawo ta gida da hannunmu. Mutum ya je Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya samu zakara da araha, ya sake shi tsakar gida. Mai yiwuwa mai shi ya ga annoba ta shiga gidansa ne ya yi saurin sayarwa. Duk kazar da ta shigo, ko saye ko kyauta, a ware ta mako 2. Mazubai a wanke su kullum da ruwan jabel, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye.

Wanda ya mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Kada a jefa a bola, kare ya ja zuwa gidan maƙwabci. In kaji, zabi da agwagi suna faɗuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatar kiwo ranar. A 2006 an samu murar tsuntsaye a Magarya, cikin jiharmu, kuma ita tana iya kama mutum.

Aikin gida

Kowa ya samu takarda ya ja layi. Ya rubuta ranar da kazarsa ta ƙyanƙyashe da yawan ƴaƴan. In ɗaya ya mutu, ya rubuta kwanansa da launin kashinsa. Ku zo da takardun a darasi na gaba mu karanta tare.