Wasan cike gidaje mai ɓoyayyar amsa: yadda ake gano ta da yadda za ka haɗa naka da Hausa

Jama'a duk wanda ya taɓa ganin wasan nan na bayan jarida mai gidaje farare da baƙaƙe, a ba ka tambayoyi ka cike kalmomi wasu a kwance wasu a tsaye, to ya san rabin zancen. Tun 21 ga Disamba 1913 aka fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka, wani Arthur Wynne ne ya ƙirƙiro shi. Amma akwai wani nau'in da Turawa ke ce ma meta, shi wannan ko ka cike gidajen kaf ba ka gama ba, akwai wata amsa guda ɗaya da aka ɓoye wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, kai ne za ka zauna ka tono ta daga abin da ka cike. Wani Ba'amurke mai haɗa irin wannan wasa, Matt Gaffney, shi ne ya shahara da shi, tun 2008 yake fitar da gasa duk mako, na farkon wata da sauƙi na ƙarshen wata kuma sai wanda Allah ya ba. Jaridar Wall Street Journal ma tana fitar da nata duk Juma'a, kuma kyautar wanda ƙuri'a ta faɗo kansa kofin shayi ne kawai, amma mutane su kwana a kai.

Bari in kawo misali na gida don a gane. A ce an turo maka wasa mai taken "Ta ina aka shiga?", a ƙasa an rubuta: ɓoyayyar amsar kalma ce mai harafi 4. Ka cike komai, sai ka ga amsoshin da suka fi tsawo su ne SAURIN FUSHI, GUGAN RIJIYA, ƘWAYAR IDO da ƘAURACEWA. Abu na farko kwafe su a gefe ɗaya bisa ɗaya, kar ka tsaya kallonsu a cikin gidaje don ido baya gani sosai a can. Me ya haɗa fushi da rijiya da ido? Babu. To ka bar ma'ana ka dubi farkon kowace: sauri, guga, ƙwaya, ƙaura. Bakatsine ai tuni ya yi dariya, ƙofofin birnin Katsina ne, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Ƙaura. Amsa ƘOFA, harafi 4, kuma ga taken yana gaya maka tun farko ta ina aka shiga. Shi ya sa nake cewa take da wancan layin umarni su ne makamanka, ka karanta su kafin ka fara, ka sake karantawa bayan ka gama, wanda ya haɗa wasan bai sa su don ado ba.

In dogayen amsoshi ba su ba ka komai ba sai ka gwada harufan farko. DAMISA, AKUYA, UNGULU, RAƘUMI, AGWAGWA, karanta daga sama zuwa ƙasa ka ga DAURA ta fito. Wani lokacin ba a amsoshin ake ɓoyewa ba, a harufan farko na tambayoyin ne, musamman in ka ga an murɗa wata tambaya an rubuta ta wani iri kamar ba Bahaushe ya rubuta ba, to akwai dalili, ana so ne ta fara da wani harafi dole. Sai kuma dabarar wanda ya ɓace, ita ce ni ta fi burge ni: ka ga LADI, TANI, TALATU, BALARABA, JUMMAI da ASABE a warwatse cikin gidaje, an ce amsa sunan mace ne, to wa aka bari a baya? Haihuwar Alhamis, LAMI. Haka za a iya yi da Hausa bakwai, a sa shida a bar ɗaya.

Alamar ka samu daidai ita ce ba ka da sauran shakka. In kana cewa "ƙila dai ita ce" kana ta jawo hujja daga nesa, wallahi yawanci ba ita ba ce, ajiye takardar ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo da sabon ido.

Yanzu haɗawa. Daga ƙarshe ake farawa, wato ka fara zaɓar ɓoyayyar amsa, sannan hanyar da za a bi a kai gare ta, sannan dogayen amsoshin da za su ɗauki sirrin, gidaje da tambayoyi su ne na ƙarshe. Masu farawa da zana gidaje su ne ke ƙarewa da yaga takarda. Kayan aiki ba wani abu ba ne, littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare da fensir da abin gogewa, ko Excel in kana da kwamfuta. Fara da 11 sau 11, kar ka ce sai 15 sau 15 irin na jaridun Amurka.

Ga inda Hausa ta sha bamban kuma nan ne aikin yake. A tsarin Amurka kowane harafi sai ya shiga kalma biyu, ta kwance da ta tsaye. Mu kuma kusan duk kalmominmu da baƙi suke farawa su ƙare da wasali, to in ka rubuta KARA a layin sama, kalmar tsaye ta biyu da ta huɗu dole su fara da A, layi na biyu kuma yana neman kalma mai farawa da wasali ta ƙare da baƙi, je ka nemo su ka gani guda nawa ne. Za ka ƙare kana ta maimaita ado, aku, uwa, uba, ido har mutane su gaji. Don haka ka bi tsarin Ingila, inda baƙaƙen gidaje suka fi yawa kuma kusan harafi ɗaya cikin biyu ne kawai ke haɗuwa da wata kalma. Wannan dalilin ne ma ya sa ɓoye amsa a harufan ƙarshe bai cika yi ba da Hausa, galibi a da i da u za ka ta samu.

Sannan ka yanke hukunci tun farko kan SH da TS, gida ɗaya ko biyu, ka rubuta a saman takarda kowa ya sani. Ba ƙaramin abu ba ne, KATSINA harafi 7 ce in TS gida biyu ne, 6 in gida ɗaya ne. A misalin ƙofofin can na ƙirga SH gida biyu, shi ya sa SAURIN FUSHI ta zama 11 daidai da GUGAN RIJIYA, ƘWAYAR IDO da ƘAURACEWA kuma tara-tara. Ana son su zo biyu-biyu haka ne saboda al'adar wasan ita ce in ka juya takardar sama ta koma ƙasa baƙaƙen gidaje su faɗa wuri ɗaya. Haka Ƙ da K, Ɗ da D, Ɓ da B, ni dai ra'ayina a bambanta su, kar ka bari ƙ ta kwance ta haɗu da k ta tsaye a gida ɗaya ka ce ai duk ɗaya ne, in kuma za ka haɗe su saboda masu waya marasa harufan to ka sanar.

Layin umarni shi ne zai hana rigima. Da ban ce harafi 4 ba wani zai turo KATSINA kuma yana da gaskiyarsa, wani a na sunaye ya turo ALHAMIS. Ka kuma share sauran gidajen kar wata kalma ta saje da sirrin ba da niyya ba, in DURƁI ko MARUSA, waɗanda su ma sunayen ƙofofin Katsina ne, suka faɗo a wani lungu mai warwarewa zai ɗauka suna cikin lissafi ya ɓata dare a banza. Kuma ka duba wa kake haɗa ma, wasan ƙofofi ɗan Katsina zai gano a minti biyar amma in group ɗin cike yake da 'yan Jos ko Yola gara ka ba su na ranakun mako.

Kafin ka saki ka ba mutum ɗaya ya gwada a gabanka, yayanka ko ƙanwarka, ka kama bakinka ka kalli inda ya tsaya, in ya kasa gaba ɗaya to taken ne ke buƙatar ƙarin haske. Daga nan ka ɗauki hoto mai kyau ka tura WhatsApp, ka sa wa'adi kamar daga Juma'a zuwa daren Lahadi, ka ce amsa ta saƙon sirri kawai ake turowa don akwai wanda in ya gano sai ya watsa a group kowa ya gani. Ranar Litinin ka fitar da amsa da bayanin hanyar mataki-mataki, da sunayen waɗanda suka ci, ko da katin waya na 500 ne ka ba ɗaya daga ciki.