Yadda ake kare iyali daga ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin biri

A ƙauyukan Zuru da Yawuri, jan biri kan shiga gonakin masara da gyaɗa, wani lokaci kuma mafarauci yakan kawo ɗan biri gida a ɗaure shi domin yara su yi wasa da shi. Hanjin biri na iya ɗauke da ƙwayoyin bakteriya irin su Shigella da Salmonella da Campylobacter alhali yana ci yana tsalle babu alamar ciwo, kuma ta kashinsa suke isa bakin mutum.

Abu na farko shi ne a kafa masa turke nesa da randa da madafa da wurin shanyar hatsi, domin hannun da yake taɓa kashinsa da shi ne yake tsomawa cikin kwanon tuwo idan ya samu sarari. A ware masa kwanonsa, kada kuma yaro ya gutsiri mangwaron da biri ya riga ya ciza.

Daga nan sai shara. Babban mutum ne ya kamata ya kwashe kashin kowace safiya da shebur ko leda, ya zuba shi a masai, sannan ya wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20 har ƙarƙashin farce. Ɗauraye hannu da ruwan buta kaɗai bai wadatar ba, saboda ƙwayoyin Shigella 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum. Manomin da birai suka yi wa ɓarna shi ma ya zubar da abin da suka gwaguya, ya wanke sauran kafin a kai baki.

Idan wani a gidan ya fara gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Da zarar an ga jini ko majina a bayan gida, wato atuni, a garzaya da shi asibiti, a kuma shaida wa likita cewa akwai biri a gidan. Kada a sayo maganin tsayar da gudawa a kemis, domin yana iya tsananta atuni, musamman ga ƙananan yara.