Yadda za ka hana furotin manne wa cikin cif ɗinka

'Yan'uwa masu aikin leb a jami'ar KNUST da cibiyar bincike ta KCCR nan Kumasi, wannan naku ne, musamman wanda ya fara wasa da cif ɗin nan na PDMS, wato robar silikon mai laushi, masu 'yan hanyoyin ruwa sirara kamar gashin kai. Ka tura samfur, rana ta farko komai lafiya, gobe sai ka ga furotin ya ragu a bakin fita, layukan da ya kamata su rabu sun cakuɗe, daga baya ma hanyar ta toshe. Ba famfonka ba ne, furotin ne ya kwanta a bango.

Dalili kuwa PDMS ba ya shiri da ruwa, ɗigon ruwa a kansa yakan tsaya wajen digiri 110, shi kuma furotin yana da ɓangaren da ke gudun ruwa, to da ya taɓa bangon sai ya buɗe ya baje ya ƙi tashi. Gilashi nasa daban, cajinsa negatif ne, shi ya sa furotin lysozyme mai pI kusan 11 (pI shi ne pH ɗin da cajin furotin ke zama sifili, ƙasa da shi cajinsa fozitif ne) yake liƙe masa sosai a pH 7. Saboda haka kafin ka shafa komai, san pI na furotin ɗinka da pH na bafa, wato ruwan da ke riƙe pH a wuri ɗaya, wani lokacin ɗan ƙara gishiri ko gyara pH kaɗai ya isa rage matsalar a gilashi.

Fara tun wurin haɗawa. Haɗa PDMS na Sylgard 184, kashi 10 na robar da kashi 1 na mai daskarar da ita, ka gasa shi ya nuna sosai, don ragowar da bai daskare ba shi ne ke tasowa saman bango daga baya. Bayan filazma ta oksijin, wadda ake yi wa PDMS don ya manne da gilashi, bangon zai so ruwa, amma fa ba ya daɗewa, cikin 'yan awoyi yana komawa halinsa, kuma zafi na ƙara masa sauri. To kar ka yi filazma da safe ka tafi Aboabo cin waake ka dawo da la'asar. Da ka manna cif da gilashi, cika hanyoyin da ruwa mai tsabta nan take, ko ka sa abin shafawar a lokacin.

Yanzu me za ka shafa? Nan ne mutane ke kwafar abin da wani ya yi ba tare da duba nasu aikin ba. BSA, wato albumin na jinin shanu, kashi 1 cikin 100 a bafar gishiri ta PBS, ka bar shi ciki kamar awa ɗaya sannan ka ɗauraye, shi ne mafi sauƙi, aikinsa kamar trotro ne da ya cika a Kejetia, wanda ya zo a baya ba kujera. Amma shi ma furotin ne, nauyinsa kusan 66 kDa, yana iya saki ya biyo samfurinka, in albumin kake aunawa a jini ka manta da shi kawai. Ni na fi son Pluronic F-127, wani sinadari mai kama da sabulu, tsakiyarsa na kama PDMS, jelolinsa biyu na PEG, sinadari mai son ruwa, su miƙe cikin ruwa su riƙe ruwa a jikin bango, furotin ya rasa wurin sauka. Narka shi a firij, ya fi narkewa a ruwan sanyi, abin mamaki. Tween 20, shi ma dangin sabulu, kashi 0.05 cikin 100 a bafa ma yana aiki. Sai dai in daga cif samfurin zai wuce na'urar mass spec mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari, Pluronic da Tween duka biyun za su ɓata maka sakamako, gara PEG-silane da ke ɗaure da bango bayan filazma, ya fi tsada amma ba ya wankewa da sauƙi. In da lantarki kake rabawa, ka tuna duk shafin nan yana canja gudun ruwan, sai ka sake awo.

Ƙananan abubuwa biyu. Tace bafa da matatar mikron 0.22, ballantana lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Kuma kumfa abokin gaba ne, furotin na lalacewa a inda iska ta haɗu da ruwa, don haka cire iskar sirinji da tiyo kafin ka haɗa. In dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe famfo, kar ka bar samfur ya kwana ciki, tura bafa da hannu ka wanke.

Gwaji kuma dole ne. Ɗauki cif biyu, ɗaya da shafi ɗaya babu, ka tura BSA mai FITC, wato rini mai koren haske, minti 30, ka ɗauraye, ka duba a maikuroskof mai hasken fuloresan da saiti iri ɗaya. In bangon wanda ka shafa har yanzu yana kore shar, canja abin shafawa kafin ka zuba samfur mai tsada.