Yadda za ka shirya daren Seder ba tare da aiki ya kashe ka ba

Pesach dai shi ne bikin da Yahudawa ke tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar, daga hannun Fir'auna. Yana kamawa ne da faɗuwar rana, daren 15 ga watan Nisan, wato wajajen Maris ko Afrilu, a Isra'ila kwana 7 ake yi, a sauran ƙasashe galibi 8. Liyafar daren farko ita ce Seder, kuma shawarata ɗaya ce, kar ka ce kai kaɗai za ka yi komai.

Fara da sharar gida tun saura mako biyu. Duk wani abu na alkama ko sha'ir da ya kumbura, burodi ne, biskit ne, taliya ce, sai ya bar gidan, shi ake kira hametz. Daren jajibiri a kunna kyandir a bi lungu-lungu ana nema, wannan kam bar wa yara, su ne za su zaƙulo maka ɓarɓashin da ke maƙale a ƙasan kujera. Madadin burodi sai matza, wato gurasa marar yisti, wadda ake gasawa kafin ƙullin ya cika minti 18.

Sai gayyata, nan ne maganar take. A farkon karatun daren akwai inda ake cewa duk mai jin yunwa ya zo ya ci, to ni a ganina ba kyau ka karanta wannan alhali maƙwabcinka ɗalibi yana ɗaki shi kaɗai. Nemi irin su, baƙon da ya tare kwanan nan, dattijuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, kira su a waya da bakinka, saƙon guruf ɗin WhatsApp kowa gani yake ya wuce. Kuma kowa ka ɗora masa wani abu, wannan ya kawo ruwan inabi tunda kofi 4 kowa zai sha, wancan ya haɗa haroset, tuffa da gyaɗar waje da ake dakawa su yi kama da laka ta gini, wani ya zo da ganye mai ɗaci. Wanda ya shigo da kwano a hannu ba ya zaman baƙunta, kafin ka ankara yana kicin yana tambayar ina wuƙa.

A tebur ma haka. Littafin Haggada, wanda ke ɗauke da labarin fitar da addu'o'in daren, a zagaya da shi kowa ya karanta ɗan sashe, wanda bai iya Ibrananci ba ya karanta da harshen da ya iya, ba laifi. Autan wurin shi ke yin tambayoyi 4 na al'ada kan abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, ko ya yi ta inda-inda a ƙyale shi ya ƙarasa. A ɓoye guntun matza, afikoman kenan, yara su nemo a ba su tukwici, dabara ce ta hana su barci kuma tana aiki sosai.

Abu ɗaya da nake ganin masu gida na kuskurewa, jan karatu har yunwa ta fara sa mutane hamma. Tsoma ɗan ganye a ruwan gishiri da ake yi a farkon liyafar ba ya riƙe ciki fa, don haka ka faɗa wa baƙi su ɗan taɓa wani abu da rana, ban da matza. Kafin a watse kuma a tsayar da gidan wa za a haɗu Shabbat mai zuwa, wato ranar hutun Yahudawa ta Asabar, a faɗi sunan mai gidan a wurin, kar a bar shi a "za mu yi waya".