Yadda za ka zuba jari a mai da hatsi lokacin da duniya ta rikice

Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, gangar ɗanyen mai ta haura dala 130 cikin makonni biyu. A Afrilun 2020 kuwa, lokacin korona, farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili. Kasuwa ɗaya ce, tazarar shekara biyu. Saboda haka matakin farko shi ne ka ware kuɗin da ba na cefane ko na makarantar yara ba, wanda za ka iya mantawa da shi har shekara biyu.

Na biyu, ka san abin da kake saye. Ba ganga za a kawo maka Kawo ko Barnawa ba, hannun jari za ka saya a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya. Nemi dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ya buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarinka, da BVN ɗinka. A nan mutane ke ruɗewa: kamfanonin da ke haƙo mai, irin su Seplat da Aradel, su ke cin ribar tsadar ɗanyen mai, kuma da dala suke sayarwa. Masu gidajen mai ba lallai ba ne, don tsada kan rage musu ciniki. Mai gudun kuɗin ruwa ya duba jerin NGX Lotus Islamic, na kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci, kafin ya taɓa komai.

Na uku, kada ka zuba kuɗin gaba ɗaya ranar da rediyo ya ce an yi barazanar rufe mashigin Hormuz, hanyar da jiragen ruwan dakon mai ke bi daga Tekun Fasha. Kafin labarin ya iso kunnenka, farashi ya riga ya tashi. Raba shi kashi-kashi, ka riƙa saye wata-wata.

Sai hatsi, wanda mu ’yan Kaduna muka fi ganewa. Masara a Saminaka ko Giwa da kaka ake sayenta. Ka sa hannu cikin buhun, ka ciji ƙwaya: idan ba ta yi ƙas ba, da sauran danshi, kuma za ta yi fumfuna. Zuba a buhu mai leda ciki, ka ɗora kan katako, nesa da bango. Ka lissafa dako, kuɗin sito da na mai gadi tun kafin ka biya. Ka kuma tuna gwamnati na iya juya kasuwa: a Yulin 2024 ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama na kwana 150, kuma waɗanda suka tara masara da tsada sun ji jiki da farashi ya karye a 2025. Ni dai ban ga albarka a ɓoye abinci har talaka ya rasa ba. Da bazara ta yi, a fitar.

Duk manhajar da ta yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata guda da sunan cinikin mai, bincika sunanta a shafin SEC. Idan babu, rufe wayarka.